Farar Ƙasar da Na Aiko Gida

Tun da na dawo daga bayan Kwali ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin masallaci a Karu sai wani ya ce, "Nasiru, wai da gaske kashin biri ka je tsinta?" Kafin in buɗe baki an kwashe da dariya, har an laƙaba min Sarkin Birai. Na ba da labarin guntu-guntu har na gaji, kuma kullum wurin dariyar nake bayarwa, in haɗiye sauran. To yau ga shi gaba ɗaya, har da wurin da ba na son faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Kazaure ne, aikina gwaji a wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a nan Karu. Jini, fitsari, bayan gida, duk abin da likita ya rubuta. Shekara tara ke nan ina leƙa madubin likita, har na kai in na rufe ido ƙwan tsutsar ciki nake gani. Wata likitar dabbobi da muka taɓa aiki tare, Dakta Rifkatu, ita ta kira ni. Tana bincike kan tsutsotsin da ke cikin hanjin biran daji, da ko suna tsallakowa jikin mutane. An ba ta labarin wani ƙauye da ake bai wa mata da yara maganin tsutsa, a yi wata biyu ko uku abin ya dawo, alhali an haƙa musu rijiyar burtsatse sun daina shan ruwan rafi. Ta ce tana neman mai ido, kwana uku kacal.

Abin da ya sa na yi ta jan ƙafa shi ne matata Hauwa. Cikinta wata bakwai, na fari bayan shekara biyar muna jira, kuma a wurin awo an ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, a kiyaye duk abin da zai ƙara rage shi. Ga ta kuma da kwaɗayin farar ƙasa, irin wadda masu ciki ke ci. Wata biyar muna rigima a kai. In aka yi yayyafi ƙamshin ƙasa ya tashi, sai ta tsaya a taga kamar an kira sunanta. Ni kuwa na san abin da ke ɓuya a cikin ƙasa, na kafa doka cewa ta kasuwa ba za ta shigo min gida ba. Na taɓa tsintar wata a ƙulle cikin leda a bayan buhun shinkafa, na watsa ta a kwata, Hauwa ba ta yi min magana ba sai washegari.

Ranar tafiya ta rako ni bakin ƙofa tana dafe da ƙugu.

"Malam, me za ka kawo min?"

"Me kike so?"

"Ai ka sani," ta ce tana murmushi.

"Biri zan kawo miki, ya riƙa taya ki hira."

Ta yi dariya. Ni dai na fita, hankalina na wurinta har na dawo.

Direban Dakta, Ɗanlami, ya ɗauke ni da wata tsohuwar a-kori-kura mai tari in ta ga tudu. Mun fito bayan asuba don mu riga cunkoso, ashe duk mutanen Karu da Mararaba shawarar da suka yanke ke nan. Muka yi ta rarrafe a gosulo, 'yan talla na bin gefen mota da cajar waya da gyaɗa da tsumman goge gilashi. Wani mai sayar da goro ya ji maganata ya leƙo ya ce, "Wallahi kai ɗan Kazaure ne." Na ce haka ne. Ya ce shi ɗan Roni ne, ya jefo min goro ɗaya, ya bi wata motar da gudu. Ɗanlami ya ce, "Oga, ku mutanen arewa ko duniyar wata kuka je za ku samu ɗan garinku yana talla."

A Gwagwalada muka ɗauki Dakta da kayanta: kula biyu, babba da ƙarama, cike da ƙanƙara, ƙananan kwalabe, safar hannu, buhun gishiri, da madubin likita irin na da, mai amfani da hasken rana. Zafin Gwagwalada kuwa ba a magana, ko da yake damina ce. Na kira Hauwa a can, na sake kiranta a Kwali. A na biyun ta ce, "Malam, tun ɗazu ban haihu ba fa."

Bayan Kwali muka sauka daga kwalta muka kama jar hanya. Ba mu yi nisa ba muka iske shingen 'yan banga, sun gitta gungume a hanya. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san abin da ake fama da shi a dazukan nan, ni kaina tun da muka bar kwalta idona na kan ciyawa. Babbansu, wani dogo mai bindigar toka, ya sa aka buɗe kula, ya ga kwalabe babu komai a ciki. Dakta ta yi masa bayani a natse. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato an gama da ciwon mutane, an koma kan na birai?" Ya ce in da gaske taimako muka zo yi, mu kwashe biran gaba ɗaya mu kai su cikin gari, don sun gama masa da masara.

Daga nan sai rafi. Ba gada, mota ke shiga ruwan ta fita. Ɗanlami ya tsaya ya dube shi ya ce, "Oga, a takarda can tsallake ma Abuja ne. Amma ka kira Madam yanzu, sabis ba ya iya ruwa." Na ɗauka wasa yake. Muna haurawa na duba wayata, ba ko kara ɗaya na sabis.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don kada in kashe musu kasuwar tukwane, su da ba su yi min komai ba sai alheri. Wani manomi mai suna Bitrus aka haɗa mu da shi, mutum mai kimanin shekara hamsin, ba ya son yawan magana. Dakta ta sauka a ɗakin matarsa, ni kuma aka share min ɗakin ajiyar doya. Kafin in tambaya ya kawo min buta da tabarma, ya nuna min gabas da haɓarsa. Shi mai zuwa coci ne, ƙanensa na salla, kawunsu kuma yana can da nasa na gargajiya, duk a gida ɗaya, akushi ɗaya. Da aka kawo abin sha sai aka aje musu burkutu, ni aka miƙo min kunun zaƙi ba tare da wani dogon bayani ba.

Abincin rana sakwara ce da miyar ganye. Mu da muka tashi da tuwon dawa mun saba in ka yanki loma ta rabu da 'yar'uwarta salin-alin. Wannan kuwa sai ka ja, ita ma ta ja. Na yi ta kokawa da ita, matar Bitrus na leƙowa tana ƙunshe dariya.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda matan ke ɗaukar kaya. A garinmu mace za ta ɗora tulu a ka ta tafi tana hira hannu sake. Su a kafaɗa suke ɗorawa, itace ne ko doya ko ruwa, su ɗan karkata wuya. Na tambayi mahaifiyar Bitrus, Mama Talatu, dalili. Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ake cin abinci da baki.

"Kai yana da aikin shi," ta ce. "Shi ne yana tunani. Za ka sa mashi kaya kuma?"

Mama Talatu ita ce babbar maginiyar tukwane a ƙauyen, tsohuwa 'yar firit mai hannu kamar na maƙeri. Da la'asar na zauna ina kallonta. Ba ta juya tukunyar, ita ke zagaya ta da baya da baya, yumɓun na tashi a hannunta. Can sai ta gutsuri ɗan yumɓu ta sa a haƙori ta tauna, wai don ta ji ko da tsakuwa. Na ga haka, wani abu ya ɗan motsa a kaina, amma hankalina na Karu, ban bi ta kai ba.

Ta tambaye ni iyali. Na ce matata na da ciki, na fari. Ta aje aikin, ta shiga ɗaki, ta fito da wani ɗan tulu baƙi mai zane a wuya, da wani abu ƙunshe a ganye. Ta buɗe ganyen. Farar ƙasa ce, curi guda kamar dunƙulen hannu, sumul, tana ƙamshin nan da Hauwa ke tsayawa a taga dominsa.

"A nan ba a ba mai ciki tulu da ba komai a ciki," ta ce. "Wannan na matarka ne. Ni na wanke shi da hannuna, ba yashi. Duk wanda ya yi ciki a garin nan, a wurina yana karɓa."

Ga inda nake tsallakewa in ina ba ku labari a majalisa. Na san abin da ya kamata in ce. Yana bakina. Amma tsohuwa ce sa'ar kakata, ta miƙo min kyauta da hannu biyu, mata na tsaye suna kallo. A gidanmu an koya mana cewa ko guba babba ya miƙo maka, ka karɓa ka yi godiya, ka zubar a bayan gida. Na durƙusa na karɓa, na yi godiya har da sa albarka. Ta saka ƙunshin cikin tulun, ta rufe bakin da wani ganyen ta ɗaure da zare. Na ce a raina anjima zan cire in jefar.

Washegari da sassafe Bitrus ya kai mu gonar masara ta gefen daji inda birai ke shigowa ɓarna. Kirka ne, masu baƙar fuska da doguwar wutsiya. Aikin ba wuya a faɗe: ka laɓe, ka jira su gama cin masarar mutane, su yi abin da za su yi, su tafi, sannan ka ruga da cokalin roba ka kwashi mai ɗumi ka sa a kwalba. Bitrus, wanda ya ƙare rayuwarsa yana korar su da gwafa, yau an ce ya zauna shiru yana kallo suna ɓare masa masara. Na ji yana cizon haƙora. Ni kuma garin laɓewa na tsuguna a kan hanyar kwarkwasa. Ban san lokacin da na miƙe ina tsalle ina kaɗe wando ba, biran suka watse, wani babba a cikinsu ya hau reshe yana min tsawa. Dakta ta ce da ta sani da ta zo da mai ɗaukar hoto.

Duk da haka mun cika kwalabe da dama kafin hantsi, matan gari kuma suka kawo nasu bayan gidan da na yaransu a lulluɓe cikin zane, kowa na kallon gefe. Wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ƙanƙarar kula ɗaya ta fara narkewa, Dakta ta ce Ɗanlami ya tafi da kwalaben farko Gwagwalada a sa a firji, ya dawo gobe. Ɗanlami na ta danna hon yana cewa in ruwa ya riga shi rafi ba shi ba fita. Ya ce a Mararaba zai kwana, ko ina da saƙo gida? Na ruga ɗakin doya, na sungumi tulun, na cusa shi a bayan kujera na tokare da tsumma. Na ce ya gaida Hauwa, ya ce mata ga tsarabarta. Ko kaɗan ƙunshin nan bai faɗo min a rai ba. Yana tafiya ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, bai tsaya ba sai bayan magariba.

A rana ta uku, gari na wayewa, Bitrus ya ce zai nuna mana inda biran ke kwana. Muka bi gefen rafin ta sama, ruwan ya cika ya yi ja yana ruri. Muka iso wasu manyan itatuwan maɗaci guda huɗu a kan gaɓa, su kaɗai suka rage a wurin, sauran duk kututture ne. Bitrus ya ce da can biran a cikin daji suke kwana, amma masu gawayi sun cinye dajin, shi ya sa suka dawo nan.

A ƙarƙashin itatuwan akwai wani rami mai faɗi. Mata uku na ciki ba takalmi, suna haƙa, Mama Talatu na zaune a baki tana nuna musu. Daga sama jan yumɓu ne na tukwane, can ƙasa kuma wani fari-fat ya ratsa kamar kitse a jikin nama. Gefen ramin kuwa, da saiwoyin itatuwan, duk kashin biri ne, sabo da tsoho, ruwan jiya ya wanke shi ya gangara da shi ciki.

Dakta ta dube ni, na dube ta. Na ce, "Mama, wadda kika ba ni, daga ina aka haƙo ta?"

Ta nuna farin da sandarta. "Nan ne. Ba wani wuri da yana da shi."

A lokacin na tuna. Ƙunshin nan na cikin tulun da na aika wa Hauwa.

Na roƙi Mama ta ba ni wani curi cikin waɗanda ta wanke tare da na Hauwa. Na ɓare shi, cikinsa da danshi, don a inuwa ake shanya ta, ga damina. A barandar makarantar ƙauyen na jiƙa ta, na tace, na zuba ruwan gishiri mai kauri, wanda ke sa ƙwan tsutsa ya taso sama. Jiran da ake yi kafin ya taso ɗan kaɗan ne, amma na zagaya barandar nan ban san sau nawa ba. Na ɗora gilashi, na juya madubin ya kamo rana, na leƙa. Ban daɗe ina nema ba. Ga shi nan, mai kamar ƙwallon dabino, da ɗan toshe a kowane baki. Na matsa gefe, ga wani. Irinsu na gani jiya a kashin biran, irinsu kuma na gani a na matan gari.

Dakta ta leƙa ta daɗe. Ita mutum ce mai taka-tsantsan. Ta ce kama da ido ba ta isa hujja ba, na biri da na mutum suna kama ƙwarai, sai an kai babban ɗakin gwaji a tantance. Ta ce mai yiwuwa ma mutanen ne ke ba biran, tun da ana zagayawa daji a saman rafin. Na ce, "Dakta, ko daga biri ko daga limamin gari, yanzu haka yana cikin ɗakina a Karu."

Bitrus ya ce akwai wani dutse a bayan gari da ake samun sabis a kansa. Na hau shi da hannu da ƙafa, ni da ko benen wurin aiki sai na huta a tsakiya. A can ƙoli kara ɗaya ya fito. Na kira Hauwa, a kashe. Na sake, a kashe. Na tura saƙo cewa kada ta taɓa abin da ke cikin tulun. Na kira mijin maƙwabciyarmu, ya ce yana Kaduna, matarsa kuma ta je suna Suleja. Na kira Ɗanlami.

"Oga, na kai tun jiya da yamma," ya ce da fara'arsa. "Madam ta yi murna sosai fa. Har ta ba ni zoɓo."

Ya ce yana Kwali, an gaya masa rafi ya cika, mota ba ta shiga sai gobe ko jibi. Don ruɗewa ban ma yi tunanin in mayar da shi Karu ba, na ce ya tsaya inda yake, ga ni nan.

Dakta ba ta hana ni ba. Ta ce in tafi da ƙaramar kula, ita za ta ƙarasa sauran. Amma mutanen gari suka ce ko da ƙafa sai ruwan ya ɗan ja, in jira bayan azahar. Na zauna a bakin rafin ina kallon wani kara da Bitrus ya kafa don auna ruwan. In na ɗauke ido na dawo, sai in ga kamar ƙaruwa ma yake yi.

Nan Mama Talatu ta same ni, ta zauna a kan dutse. Raina a ɓace yake, na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Mama, ciwo kike raba wa matan garin nan da hannunki, ga shi kin haɗa da matata."

Ba ta yi fushi ba. Ta ce lokacin uwarta ba haka ake ba da ita ba. Duk sati ana gasa tukwane, sai a jera curin ƙasar a gefen wutar, ta gasu har ta yi ƙara in an ƙwanƙwasa, sannan a ba masu ciki. Yanzu kowa ya koma roba, sai a yi wata biyu ba a kunna wutar tukwane ba, itacen ma ya yi wuya. Masu ciki kuwa ba sa jira.

"Na ce ai wankewa ya isa," ta ce. "Ido na bai ga komai a ciki ba. Kai da kana da gilashi, me ya sa ba ka faɗa mini ranar da na ba ka ba?"

Na ce ta yafe min maganar da na yi. Ta ce za ta sa a gasa wadda ta rage, ramin kuma sai dattawa sun zauna, don ba su da wani. Ta ce in gaida mai cikin.

Bayan azahar Bitrus ya ce mu gwada. Ya ɗora kular a kafaɗa, ya sa takalmana da wayata a leda ya ɗaura min a wuya, wani ƙato ya riƙe ni ta hagu. Ruwan ya kawo min ƙirji, sanyi kamar na firji, yana jan ƙafafuna. A tsakiya na zame na sha ruwa, kuma ko a wannan halin sai da na tuna abin da ke gangarowa daga ƙarƙashin maɗatan nan. Na fita ina tari ina tofar da yawu. Bitrus ya miƙo min kular ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Wani ɗan acaɓa ya ɗauke ni, kula a cinya, muna zamewa a taɓo. A shingen 'yan banga dogon nan ya gane ni, ya ce, "A'a, likitan birai! Me aka samo mana?" Na ce sauri nake. Ya ce doka ce sai an buɗe. Ya ɗaga murfin da kansa, ya zaro kwalba ɗaya ya kai ta kusa da hanci. Ya mayar a hankali, ya rufe, ya goge hannu a wando, ya ce a ɗage gungumen.

Ɗanlami na jira a Kwali. Muka aje kular a Gwagwalada ko zama ban yi ba. Duk hanya ina kiran Hauwa, a kashe. Ɗanlami ya yi ta ba ni baki, wai uwarsa ta ci ƙasa ta haifi tara. Na ce ya yi tuƙinsa. Muka zo hanyar Karu daidai lokacin da ma'aikata ke komawa gida, motoci sun tsaya cik har iya ganinka. Na buɗe ƙofa na sauka, na kama tafiya da ƙafa da jiƙaƙƙen wando, har na samu mai babur.

Na shiga gida ana kiran magariba. Abin da na fara gani tulun ne, an wanke shi an ɗora a kan kujera 'yar tsugunno a baranda, an rufe da faranti, jikinsa na naso. Hauwa na zaune kusa da shi tana tsinke zogale, fuskarta fes, rabon da in gan ta haka tun kafin azumi. Ta ce kwana biyu ba wuta, wayarta na shagon caji.

"Ina abin da ke cikin tulun?" na ce, ko sallamar kirki ban yi ba.

Ta shiga ɗaki ta fito da ganyen ta buɗe. Fiye da rabi ya tafi. A jikin ragowar ga sawun haƙoranta nan, ƙanana, a jere.

"Hauwa, ba na hana ki ba?"

"Ta kasuwa ka hana ni," ta ce. "Tun ranar da ka zubar da waccan ban ƙara taɓawa ba, wallahi, ko da ba ka nan. Da na buɗe na ga wannan sai na ce Malam ya tausaya min, ya samo min mai tsabta, ya duba ta da madubinsa. Har kuka na yi don daɗi."

Na zo da faɗa cike da baki, na rasa wanda zan yi wa. Na zauna a ƙasa a gabanta na gaya mata komai, tun daga hannu biyun Mama Talatu har ƙarƙashin maɗatai. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ɗora hannu a kan cikinta, ta ce, "To yanzu ya za a yi?"

Da safe muka je wurin awo. Nas ɗin da ke duba ta ta ba ta maganin tsutsa irin wanda ake ba masu ciki, ta ƙara mata na ƙarin jini, ni kuma ta wanke ni tas a gaban mata, wai kai da kake gwada na mutane. Na tsaya na sha, don na ci a yi min. Ta ce a dawo a sake dubawa, kuma na san dalili: in ƙwan ya shiga, sai ya yi makonni yana girma kafin ya nuna a gwaji. Sati uku ke nan, sau uku na duba, ban ga komai ba, amma na fi kowa sanin cewa wannan bai isa a ce an tsira ba tukuna. Lissafina ya nuna lokacin da za a tabbatar ya yi daidai da lokacin haihuwarta. Dakta ta kira ta ce an fara gasa ƙasar a ƙauyen, sakamakon babban gwajin kuma da saura. Ragowar curin na cikin kwalba a kan teburina a wurin aiki, da sawun haƙoran a jiki.

Hauwa ba ta ƙara yi min maganar ba. Kullum ta ɗebo min ruwa a tulun, da sanyinsa, ta ce ya fi na firji. Ba ta ƙara tsayawa a taga ba ko an yi yayyafi. Jiya da na taso daga majalisa, bayan kun gama kirana Sarkin Birai, na tsaya na saya mata dabino, wai don jini. Ta karɓa, ta buɗe ledar, ta daɗe tana juya guda ɗaya a hannu. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba alamar wasa a fuskarta.

"Malam, wannan ka duba shi?"